Abin da Ke Cikin Duro

A watan da nake tattara takarduna zan bar aiki aka kawo mini kundin wata ɗaliba in duba. Bincikenta a kan ƙwayoyin nano ne, waɗanda ake so su ɗauki magani su kai shi daidai inda ciwo yake. Yarinyar tana da ƙwazo, ba zan tauye mata wannan ba. Amma da na tambaye ta wa ya gwada giliserin da sauran ruwan da ta narka maganin a ciki, sai ta ce, "Malam, ai da takardar shaidarsu suka zo." Da zuciya ɗaya ta faɗa, don haka aka koya mata. Wannan amsa ce ta hana ni sakat har na zauna rubutu.

Mu da muka shiga aikin haɗa magani a shekarun 1980 mun tarar da wutsiyar wani zamani. A lokacin famasin babban asibiti ba kanti ba ne kawai, yana da ɗakin haɗi. Nan ake dama mis mag da mis kawolin da maganin tari, a manyan kwalabe, da ruwan kulorofom don kada su yi saurin lalacewa. Majinyaci ya zo da kwalbarsa daga gida, a wanke ta, a zuba, a manna mata takarda: a girgiza kafin a sha, a zubar bayan mako biyu. Ba na cewa komai na wancan lokaci daidai ne. Amma duk wanda ya fito daga wannan ɗaki ya san cewa kashi mafi yawa na abin da ke cikin kwalba ba maganin ba ne, abin da ke ɗauke da shi ne, kuma wani ne da hannunsa ya zuba shi.

Wanda ya koya mini aiki tsohon dispensa ne tun na zamanin Turawa, ba shi da digiri. Baban Sito muke ce masa, har likitoci. Yana da doka ɗaya da ba ta da roƙo: duron da ya shigo ba a ɗibar komai a cikinsa sai an auna. Yana da 'yar kwalbar awo mai cin mililita 25, da murfin gilashi mai siririn rami a tsakiya. Zai wanke ta, ya shanya, ya ɗora a sikeli babu komai, ya cika ta har ruwan ya ɓullo ta ramin, ya goge gefen da tsumma, ya sake ɗorawa. Sai ya buɗe wani dogon littafi mai baƙin bango ya rubuta ranar, da sunan wanda ya kawo, da lambar duron, da nauyin da ya samu. Idan mai kawo kaya ya miƙa masa takarda, yakan karɓa da hannu biyu ya ajiye a gefe. Ni kuma ya ce mini, "Ɗana, takarda a jikin duro take, ba a cikinsa ba. Ɗauko sikeli."

Abokan aiki sun san lissafin. Furofilin gilaikol na gaske nauyinsa wajen 1.04 ne idan aka gwada da ruwa, dayetilin gilaikol kuwa wajen 1.12. A ido ba ka raba su: duka ba su da launi, duka suna da ɗan kauri, duka suna da zaƙi-zaƙi. Amma a wannan 'yar kwalba bambancin ya kai kusan giram 2, kuma ko tsohon sikeli ba ya ɓatan giram 2.

A 1990 aka ga abin da giram 2 ke nufi. Yara suka riƙa zuwa asibiti a Jos da Ibadan da zazzaɓi da amai, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Abin da aka ba su farasitamol ne na ruwa, wanda aka haɗa a cikin ƙasa da sinadarin da aka sayar da sunan furofilin gilaikol alhali dayetilin ne. Yara 109 aka lissafa sun rasu. Ba sabuwar guba ba ce: ita ta kashe mutum fiye da 100 a Amurka a 1937, har aka yi sabuwar dokar magani a 1938. Muna karanta wannan a aji, muna amsa shi a jarrabawa. Abin Jos da Ibadan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC da dokar soja mai lamba 15 ta 1993, kuma daga nan haɗa maganin ruwa a asibitoci ya fara ja da baya. An yi daidai da aka tsaurara. Abin da ke yi mini ciwo shi ne, da aka rufe ɗakunan haɗi sai aka haɗa da sikelin da littafin aka kulle.

Sai ga 2008. Maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara a Legas da Zariya da wasu wurare, alamomin nan dai iri ɗaya, yara 84 suka rasu. Masana'antar ta sayi sinadarin ne a hannun wani ɗan kasuwa marar rajista a Legas. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatanta biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 kuma yara wajen 70 suka rasu a Gambiya saboda magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya, a Indonesiya ma gurɓataccen maganin ruwa ya kashe fiye da 200. Na san matasa za su ce gurɓata kaɗan sikeli ba ya kama ta, iyakar da aka yarda da ita kashi 0.1 cikin 100 ce, sai na'urar kuromatogirafi. Gaskiya ne. Amma na'urar tana aiki ne idan akwai wanda bai yarda da takarda ba har ya ɗebi samfur ya kai mata, kuma irin wannan mutum shi Baban Sito yake ƙerawa.

Na yi gaba da yawa, bari in koma kansa, don akwai maganar wani akwati. A bayan sito akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, ba silin, wanda a watan Afrilu ba ka iya tsayawa a ciki. Nan ya ajiye akwatin ƙarfe. Duk abin da muka haɗa ko muka sayo da yawa, sai ya raba samfur uku: ɗaya firji, ɗaya kan kanta, ɗaya cikin akwatin. Duk wata a buɗe a duba. Na ga kafso sun manne da juna sun zama dunƙule. Na ga asfirin yana warin tsami tun kafin a buɗe gwangwanin sosai. Na ga maganin cusawa ta dubura, wanda aka yi da man koko, ya narke ya kwanta a gefen takardarsa, da ya sake daskarewa maganin duk ya taru a wuri guda. Wani lokaci yakan ba wani direban babbar mota ƙunshi ya tafi da shi Maiduguri ya dawo. Yau ana gwada wannan a na'ura mai riƙe zafi 40 da laima kashi 75 har wata shida, kuma tsarin ya fi namu. Sai dai na'urar ba ta san bayan mota a hanyar Damaturu ba, ba ta san kemis na ƙauye da rana ke dukan kantarsa tun hantsi ba.

Wannan akwati ne ya kai ni binciken da na ƙare rayuwar aikina a kai. Man koko yana narkewa a wajen zafi 34, wato a ƙasarmu tun kafin ya isa jikin yaro ya gama narkewa. Muka koma kan man kaɗanya da yadda za a gauraya shi ya jure. Wasu abokaina suka kama sitacin gero da dawa da rogo da acca, don ƙwaya ta fashe a ciki cikin minti 15 ɗin da aka ƙayyade. Wasu suka kama ƙaron dakwara na Yobe da Barno da Jigawa, da ƙaron maɗaci, don ɗaure ƙwaya ko sa ta saki magani a hankali. An yi aiki mai kyau, ina alfahari da shi, kuma da yawansa da injin buga ƙwaya mai baki ɗaya aka yi shi, ana juyawa da hannu idan wuta ta ɗauke. Kundayen suna nan jere a kantoci sun sha ƙura. Ƙaronmu ana fita da shi ɗanye a buhu, a tace a waje, mu sayo shi da dala. Sitacin da masana'antunmu ke buga ƙwaya da shi galibi daga waje yake zuwa. An taɓa ce mini a wani zaman neman kuɗin bincike wai aikin sitaci ya tsufa, in kawo abin zamani.

Ga shi kuwa matsalar ba ta tsufa ba. Atesunet na cusawa, wanda ake ba yaro ƙasa da shekara shida da zazzaɓin cizon sauro ya kayar kafin a kai shi asibiti, babban abokin gabansa zafi ne. Oksitosin da ake tsayar da jinin haihuwa da shi yana son sanyin 2 zuwa 8, a ɗakunan haihuwar da ba su da wuta. Manyan nasarorin da na gani a zamanina irin waɗannan ne: rigakafin sanƙarau MenAfriVac da aka amince a 2012 ya yi kwana huɗu a zafi har 40 ba firji, da kabetosin mai jure zafi da aka gwada a ƙasashe goma har da Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2018, da ƙwayoyin yara masu narkewa a cokalin ruwa, waɗanda suka rage mana dogaro da sirof ɗin da ya sha cin amanarmu.

Baban Sito bai ga ko ɗaya cikin waɗannan ba. Da ya rasu na je neman littafin, aka ce an kwashe tsofaffin takardu lokacin gyaran gini. A sashen da na bari akwai na'urar kuromatogirafi da aka sayo da kuɗi masu yawa, ta fi shekara a rufe da leda saboda babu iskar gas ɗin da take aiki da ita, ɗalibai kuma suna ta narka magunguna a ruwan da babu wanda ya auna.