Wayar hita da ta kai General Electric kotu

1/ Jama'a, wayar nan da ke yin ja wur cikin risho na lantarki, wadda kuma ke ɓoye cikin hita da dutsen guga, an sha shari'a a kanta a Amurka. Ku biyo ni.

2/ Tambayi kowane maƙeri a Bodinga ko Shagari: ƙarfe in ya sha wuta, baƙin ɓawo yake yi. Iska ce ke cinsa. Ɓawon ya zube, wani ya fito, har ƙarfen ya ƙare. Shi ya sa a da wayar ɗumama ba ta ƙarko.

3/ Sai ga Albert Marsh, matashi ɗan jihar Ilinoi, yana aiki da William Hoskins a Shikago. Ya haɗa nikel da kuromiyam. Irin wadda ake yi yau, kashi 80 nikel ce, 20 kuromiyam.

4/ Sirrin? In ta yi zafi, kuromiyam ɗin na yi mata siririyar riga da ba ta zubewa, iska ba ta kai wa ga na ciki. Ƙarfe ya ɗinka wa kansa sulke ke nan.

5/ A Fabrairun 1906 Marsh ya samu takardar mallakar ƙirƙira. Kamfanin General Electric kuwa ya fito da tasa wayar, Calorite, mai nikel da kuromiyam, an ƙara mata baƙin ƙarfe. Wai ai daban ce.

6/ Kamfanin Hoskins ya kai ƙara. Ƙarami da giwa fa! Amma kotu ta ba shi gaskiya, a 1915 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Ƙara wa miyar wani gishiri ba ya mayar da ita taka. Mai son wayar sai ya biya lasisi, har wa'adin shekara 17 ya cika a 1923.

7/ Dabarar rigar nan na raye. Fukafukan cikin injin jirgin sama ana lulluɓe su da alminiyum da wani irin tangaran, don iskar da ke dukansu ta fi zafin da zai narkar da su.

8/ Nijeriya ma tana da dokar mallakar ƙirƙira tun 1970, kariyarta shekara 20. Sharaɗi: abin ya zama sabo, ba a riga an bayyana shi ga jama'a ba.

9/ Don haka ɗan'uwa mai walda ko ƙira, in ka ƙirƙiro abu, yi rajista kafin ka ɗora a TikTok. Ba don takarda ba, da me Marsh zai tunkari giwa?