Salansa Mai Alamar Kunama: Tarihin Cinikin Rugugin Mota

A shekarar 1950, mai ƙaramar Fiat Topolino a Italiya kan sayi sabuwar salansa a kan lira 2,000. Sai ga wani ɗan kamfani da bai wuce shekara guda da kafuwa ba ya fito da tasa, baƙa wuluk, bakinta na ƙyalli, ya yanka mata lira 4,500. Motar da za a ɗaura wa ita ko ƙarfin doki 20 ba ta kai ba. Duk da haka mutane suka yi ta saye.

Mai kamfanin, Carlo Abarth, haifaffen Biyana ne ta Ostiriya, a 1908. Da tseren babur ya yi suna, har wani mummunan hatsari a 1939 ya raba shi da sirdi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da kamfanin motocin tsere na Cisitalia, da wannan ya durƙushe sai ya kafa nasa a 1949, ya sa masa alamar kunama, wato burujin haihuwarsa. Tsere yake so, amma tsere cin kuɗi yake yi, salansa kuwa kawo su take yi. Dabarar tasa ba ta da wuyar fahimta. Salansar da Fiat ke sa wa mota cike take da ɗakuna da shingaye da ke karya ƙarar hayaƙi kafin ya fita. Shi kuma ya bar wa hayaƙin hanya miƙaƙƙiya ta cikin bututu mai huje-huje, ya naɗe shi da audugar gilas da ke shanye kaifin ƙarar ta bar kaurinta. Ya kuma iya talla: ya riƙa baje salansa a tagogin shaguna kamar kayan ado, abin da a da sai ƙarƙashin mota ake ganinsa, cikin laka. A 1962 kamfanin ya ƙera salansa 257,000, kashi 65 cikin ɗari an fitar da su ƙasashen waje.

Ƙarin ƙarfin da Topolino ke samu daga wannan salansa kaɗan ne ƙwarai. Abin da akawu ko mai kanti ke biya shi ne muryar motar tsere a ƙofar gidansa. Amurkawa ma sun gano wannan kasuwa, inda jar salansar Cherry Bomb mai audugar gilas ta fito a 1968 ta zama kayan samarin da aljihunsu bai cika nauyi ba.

Turbo ne ya sauya lissafin. Injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa dabarar rajista tun 1905, amma jiragen ruwa da na sama da manyan injinan dizal suka daɗe suna cin moriyarta kafin ta shiga ƙananan motoci a 1962, cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. BMW 2002 Turbo ta biyo baya a 1973, sai Porsche 911 Turbo, sai Saab 99 Turbo a ƙarshen shekarun 1970. A irin wannan inji, hayaƙi ba shara ba ne da ake neman hanyar zubarwa kawai. Shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke dannawa inji iska. Iya yadda hayaƙin ya samu sararin ficewa a bayan farfelar, iya saurin da take ɗauka. A injin da ba shi da turbo, idan bututu ya yi faɗi da yawa mota kan rasa ƙarfin tashi daga tsaye, don haka sai an auna tsawo da faɗi da kyau. A mai turbo kuwa, faɗaɗa bututun da ke bayan farfela riba ce da ake ji a ƙafa. A nan mai sayen salansa kan samu doki na gaske, ba murya kaɗai ba.

Turbon kansa ma yana cinye kaso mai yawa na ƙarar. Shi ya sa Fiat 500 Abarth da aka kai Amurka a 2012 ta fita daga masana'anta babu tukunyar salansa a wutsiyarta sam, kuma doka ba ta hana ta hawa titi ba.

Japanawa ne suka mayar da wannan ilimi sana'a. A 1973 Hiroyuki Hasegawa, tsohon injiniyan Yamaha, ya kafa HKS a gindin Dutsen Fuji, shekara ta zagayo ya fitar da turbon da mutum zai saya ya ɗaura wa motarsa ta gida. Kamfanin Trust, mai tambarin GReddy, ya zo a 1977. Kasuwar ta tumbatsa bayan 1989, shekarar da Nissan ta fitar da Skyline GT-R mai turbo biyu. A lokacin kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280, don haka injina da yawa suka riƙa fitowa a ɗaure, da bututu matsattse. Duk yaron gareji ya san inda igiyar take, kuma salansa ce abu na farko da ake kwancewa.

Sai dai maƙwabta ma suna da kunne. Ƙarar 'yan daban babura da motoci da dare ta sa jama'a da 'yan sanda kallon duk wata salansar kasuwa a matsayin kayan fitina. Masu ƙera ta suka ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, suka kafa ƙungiyar JASMA a 1989, suna manna wa salansar da ta cika ƙa'ida ɗan allon shaida. Sassaucin dokar kayan gyaran mota da Japan ta yi a 1995 ya ƙara buɗe kasuwar.

Babban shingen dai daga Amurka ya taso. Dokar tsaftar iska ta 1970 ta sa daga 1975 yawancin sababbin motoci suka zo da matatar hayaƙi, abin nan da makanikai a Najeriya ke kira indomi, wanda ake yawan farke wa motocin tokumbo saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke cikinsa. A motar turbo, matatar kan zauna ne a bututun farko da ke sauka daga farfela, daidai wurin da hayaƙi ya fi shaƙewa, daidai kuma wurin da ƙarin ƙarfi ya fi yawa. Cire ta laifi ne a Amurka da Turai da Japan. Wannan ne ya raba kasuwar gida biyu. Akwai bututun gaba mai matata ta musamman, mai tsada, wanda sau da yawa sai an sake saita kwamfutar inji kafin a ci amfaninsa. Akwai kuma rabin baya, daga matata zuwa wutsiya, wanda shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan salansa mai araha, kuma ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba.

Da gasar ta koma rabin baya, sai ta zama gasar ƙarfe. Tsofaffin salansa na baƙin ƙarfe ne, gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara kan cinye su cikin 'yan shekaru. Borla, da aka kafa a Amurka a 1978, ya gina sunansa kan ƙarfen da ba ya tsatsa. Tsohon ɗan tseren babur Igor Akrapovič na Sulobeniya ya kai abin ga titaniyam mai sauƙin nauyi, farashinsa kuwa sai mai hali. A tsakiya talaka ke zaɓe: ƙarfe mai lamba 409, mai ƙarancin kuromiyam, wanda fuskarsa kan yi ja amma ya daɗe, ko mai lamba 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, wanda ya fi tsada ya kuma fi jure ruwa. Maganaɗisu kan manne wa na farko, da ƙyar yake kama na biyu. Ana kuma duba lanƙwasa. Mai walda da ya lanƙwasa bututu haka nan zai matse shi a gwiwa, faɗin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi, masana'anta mai kyau kuwa sanda take zurawa ciki don kada ya tsuke.

Cinikin intanet ya kawo kwaikwayo masu rahusa, akasari daga Sin, wasu nagari, wasu kuma siraran ƙarfe ne da ramukan noti da ba su dace da mota ba. Inda aka fi rage kuɗi shi ne ƙaramar tukunyar tsakiya mai daidaita sauti. Idan babu ita, mota kan yi wani gunji mai nauyi a cikin gida a kan doguwar hanya, wanda ba a jinsa a bidiyon talla. Japan ta ƙara matsawa: ga motocin da aka ƙera daga Afrilun 2010, salansar kasuwa sai ta ci gwajin ƙara a lokacin da mota ke ɗaukar gudu, ta kuma ɗauki alamar shaida a jikinta, in ba haka ba motar ta faɗi a binciken lafiyar mota da doka ta wajabta.