Faifan Sakkwato Da Ya Ƙi Tsufa

Akwai wani Ba'abzine mai shayi a bakin kasuwar Shuwarin, nan ƙasarmu ta Kiyawa, wanda nakan yada zango wurinsa in na taso daga makaranta. Wata rana da la'asar sai na ji wata waƙa tana tashi daga 'yar wayarsa. Muryar irin ta waƙoƙin finafinanmu ce, wadda na'ura ta murɗe har tana rawa, amma harshen ba Hausa ba ne. Na tambaye shi ta wace ƙasa ce. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai tsohuwa ce, kuma a ƙasarku aka yi ta, a Sakkwato." Wannan magana tasa ita ta sa ni bin diddigi.

Kafin mu je Sakkwato, bari mai karatu ya ga yadda Turawa ke auna faifan da ya daɗe bai gundiri jama'a ba. A kiɗansu na rok, wato kiɗan jitar lantarki mai ƙara da ganguna masu nauyi, misalin da suka fi kawowa shi ne Back in Black na ƙungiyar AC/DC ta ƙasar Ostireliya. Mawaƙinsu Bon Scott ya mutu a Landan cikin Fabrairun 1980, suka ɗauko Brian Johnson ya maye gurbinsa, kafin ƙarshen Yulin shekarar faifan ya fito da baƙin bango, alamar makoki. An ƙiyasta an sayar da kimanin kwafi miliyan 50. Sa'ana ne, kuma har yau ana sayensa. To amma wannan faifai yana da kamfani a bayansa, da gidajen rediyo, da akawu masu lissafin kowane kwafi. Wanda zan ba da tarihinsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mai shi sunansa Mahamadou Souleymane, an fi saninsa da Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Ya taso ya tarar da wata al'ada ta kiɗan jita a cikin mutanensa. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya karkashe dabbobin Abzinawa, samarinsu suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka, a can ne suka koyi jita suka riƙa waƙar kewar gida da ta gwagwarmaya. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali daga nan ta fito, a Nijar kuwa marigayi Abdallah Oumbadougou ne jagaba. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 a ɓoye ake miƙa kasakasan waɗannan waƙoƙi daga hannu zuwa hannu. Oumbadougou ne Mdou ya gani yana kiɗa, abin ya shiga ransa. Gidansu na masu addini ne, ba su so ba, kuɗin jita kuma babu, sai ya sami katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa. Bahago ne, da hagu ya koya.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. A wannan zamani kowane situdiyo na Arewa waƙar fim yake yi, da fiyano da gangar na'ura da manhajar nan mai murɗe murya. Abin da ya tarar ke nan, shi aka ɗora wa waƙoƙinsa na harshen Tamashek. Ni kaina ina cikin masu kushe wannan salo, na sha faɗa wa ɗalibaina cewa ya kashe mana kalangu da kotso. Sai ga shi da shi aka yi faifan da ya zagaya Sahara.

Anar bai shiga kanti ba, ba wanda ya buga shi. Ta Bluetooth da katin memori ya yi tafiya, daga wayar direba zuwa ta fasinja, daga ta mai shayi zuwa ta makiyayi, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, "Tahoultine". Ya sa ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones na 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita, ya kawo masa jitar lantarki irin ta bahagwai. Sai a 2014 aka buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan ɗaukarsa. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne, labaran da na karanta duk sunan Baturen suke ambata, yaron da ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato ya haɗa sautin kuwa sai a tsallake shi.

Daga nan al'amari ya yi sauri. A 2015 ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina kan Purple Rain na Prince. Ya kafa ƙungiya, ya ajiye na'urar murɗe murya, ya sakar wa jita wuta. Ilana ya fito a 2019, Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka, sai Funeral for Justice a 2024. Masharhanta na Turai da Amurka suka sa shi cikin gwanayen rok, suna kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Shi kuwa ya sha faɗa cewa bai tashi da sauraron kiɗan Turawa ba, a wuraren biki na ƙauyuka ya goge. Waƙoƙinsa na baya-bayan nan suna sukar mulkin mallakar Faransa da yadda ake kwashe yuraniyom daga ƙasarsu alhali talakawa na kwana cikin duhu. Juyin mulkin Yulin 2023 ma yana Amurka yana wasa ya same shi, aka rufe iyakoki, suka ɗan maƙale a can.

Na sa an turo mini waɗannan sababbin faifai, na saurara, kuma ba shakka yaron gwani ne, ko da yake kunnena na Bahaushe yakan gaji da ƙarar. Na kai wa abokina mai shayi Afrique Victime don ya ji inda ɗan'uwansa ya kai. Ya saurara da ladabi har ƙarshen waƙa ta biyu, ya ce madalla. Ya gaya mini ya canza waya sau huɗu tun zuwansa Jigawa, kuma kowace ya saya, katin memorin nan yake fara cirewa ya sa mata. Da ya miƙo mini kofi na biyu, sai ya mayar da mu kan ta Sakkwato.