Tarihin Sabo Yana Bakin Dattawanmu

Jama'a, kowa ya san a 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa ta Sabo a Ibadan. Kafin nan iyayenmu a cikin gari suke, 'yan haya a gidajen Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai hanya ta buɗe: shanu su gangaro Kudu, goro ya hau Arewa.

Wannan duk yana rubuce. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna da mutanenmu a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a 1969. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. To amma littafin da Turanci yake, kuma takarda ba ta da murya.

Ai Sabo da kunne aka san ta. Kalangun mahauta da sassafe. Kukan jirgi, wanda da an ji shi yaran maigida sun zabura sai tasha. Cinikin dillali a kara, "albarka" bayan "albarka", har a kai ga "sallama" a faɗi la'ada. Hirar masu ɗaurin huhu suna jera goro cikin ganye. Sannan uwa uba wazifa, tun da Tijjaniyya ta kafu a nan wajen 1951 zuwa 1952, lokacin da mutanenmu suka koma yin Juma'arsu a cikin unguwa. Wanda ya ga wannan zamani da wayonsa, yau ya haura tamanin. Su nawa suka rage mana?

Shi ya sa muke cewa a ɗauki muryoyinsu tun suna raye. Da can sai an nemo rikoda da kaset da batir. Yanzu wayar da ke aljihun kowane yaro ta isa. A je da ladabi, a kai goro, a bar tsoho ya yi ta zuba, ko da ya saki hanya. Sau da yawa a nan ne zancen yake. Kada a gyara masa Hausa, ko ya sako Yarabanci a bar shi, haka bakin Sabo yake.

Kuma don Allah kada a tsallake iyayenmu mata. Daga cikin gida suka yi ta sayar da tuwo da fura ga baƙi ta hannun 'yan talla, sun san wanda ya sauka gidan wa, da wanda ya karye ya tashi. Maroƙa ma a neme su, don kirarin masu gida na dā yana kansu, har da garin da kakan kowa ya fito.

Duk mai tsohon kaset na biki ko na wa'azi a ƙasan akwati, ya miƙo wa sakataren ƙungiya a kwafe kafin damina ta cinye shi.