Garkuwar Jiki: Yadda Jikinka Yake Yaƙar Cuta

Kullum ƙwayoyin cuta na shiga jikinka ta numfashi, abinci, ruwan sha ko rauni, amma ba kullum kake kwanciya ciwo ba. Dalili shi ne garkuwar jiki, wato haɗin gwiwar gaɓoɓi da ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu gano baƙon abu da kashe shi.

Matakin farko: hana cuta shiga

Fata tana tare ƙwayoyin cuta daga waje. Majina da gashin hanci suna kama ƙura, ruwan ciki mai tsami yana kashe da yawa daga abin da ka haɗiye, hawaye kuma na wanke ido. A lokacin hunturu da bazara, ƙura da bushewar iska suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro. Wannan na cikin dalilan da suka sa sanƙarau ya fi yaɗuwa daga Disamba zuwa Yuni a yankunan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kamar sauran ƙasashen Sahel.

Mataki na biyu: fararen ƙwayoyin jini

A cikin ɓargo ake ƙera su. Baligi mai lafiya yana da kimanin 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita ta jini. Wasunsu suna haɗiye ƙwayar cuta nan take. Zazzaɓi, kumburi, mugunya da kaluluwa a wuya ko hammata alamu ne na wannan yaƙi. Saifa kuma tana tace jini. Shi ya sa yaro mai sikila, wanda saifarsa kan lalace tun yana ƙarami, yake buƙatar ganin likita duk lokacin da jikinsa ya yi zafi.

Mataki na uku: tunawa

Wasu fararen ƙwayoyin suna ƙera sinadaran kariya da suka dace da cuta guda kaɗai, sannan su riƙe kamanninta. A karon farko aikin yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. Idan cutar ta dawo, cikin 'yan kwanaki ake gamawa da ita. A kan wannan aka gina rigakafi: ana nuna wa jiki ƙwayar da aka raunata, ko wani ɓangarenta, don ya koya ba tare da ya yi jinya ba. Ɗan zazzaɓi bayan allura alama ce cewa jiki yana koyo.

A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su.

Me ke raunata garkuwa?

Tamowa, ciwon suga da ba a kula da shi ba, ƙanjamau, tsufa, da shan magunguna irin su dexamethasone ba da izinin likita ba. Ƙyanda ma haka: binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna tana iya goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na sinadaran kariyar yaro. Wannan ne ya sa gudawa da ciwon haƙarƙari sukan biyo bayanta.

Abin da za ka yi

- A ba jariri dakashi, kada a zubar, domin cike yake da sinadaran kariyar uwa. A ba shi nono zalla wata 6.
- A kai shi rigakafi bayan haihuwa, da mako 6, 10 da 14, da wata 9 da 15. Kyauta ne a asibitocin gwamnati.
- A haɗa tuwo da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale da nono.
- A wanke hannu da sabulu, a kwana cikin gidan sauro.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, jijjiga, numfashi sama-sama, kasa shan nono, ko kowane zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 3 ba. Kada a jira gari ya waye. A tafi babban asibitin Kazaure ko na Babura, ko cibiyar lafiya mafi kusa.