Daga Boma Zuwa Zaɓi Sonka: Waƙa da 'Yan Mazan Jiya a Unguwarmu

Abin da ya jawo wannan rubutu ƙaramin abu ne. Ran nan bayan la'asar muna zaune a bakin shago, wasu samari biyu sun haɗa kai suna tura wa juna waƙa ta waya, sai ɗaya ya kunna wata tsohuwar waƙar soja ta Alhaji Mamman Shata. Dattijon nan da ke gadi a wani gida can hanyar dam, wanda kullum yake zuwa sayen sukari da ganyen shayi, yana jin kalangu ya tsaya cik da leda a hannu. Bai motsa ba har aka gama. Ya ce, "'Ya'yana, ku sake mini." Aka sake. Sannan ya ce farkon jinsa da ita yana ɗan shekara goma sha tara, a cikin rami, wajen Anaca. Samarin suka dubi juna. Shekara da shekaru suna ce masa Baba Maigadi, ba wanda ya san ya taɓa riƙe bindiga. Mu ma wallahi ba mu sani ba, alhali mun ja shi salla ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mun ji kunya.

To bari mu koma baya, don yaranmu su san cewa alaƙar Bahaushe da kaki ba ta jiya ba ce. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da wani Bature jami'in jiragen ruwa mai suna Glover ya tara wasu 'yan tsirarun mutane a Ikko, galibinsu masu jin Hausa da suka kuɓuto daga bauta, ya ba su bindigogi. Har sunan da aka sa musu ke nan, Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa babbar rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma. A nan akwai abin da ba shi da daɗin faɗa, amma tarihi ba a yi masa kwaskwarima: da wannan runduna aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka je Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Da yawa daga masu harbin Hausa suke ji. Shi ya sa kakanninmu suka daɗe suna ƙyamar aikin soja, har idan yaro ya shiga a kan ce ya lalace, ya zama ɗan bariki.

Duk da haka da Hausa aka riƙa ba da umarni a bariki shekaru masu yawa, ko kai Tibi ne ko Bazabarme ko mutumin Barno. Daga can muka samo kurtu da kofur da saje da samanja da hafsa, da fareti, da badujala. Yau yaro zai ce wa ɗan'uwansa kurtu bai san daga bakin wa kalmar ta fito ba.

Yaƙin da ya fi barin tabo a bakin tsofaffinmu shi ne na Hitila. An kwashi samari daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, aka horar da su, wasu aka kai su Habasha da Somaliya suka kori Italiyawa a 1941, wasu aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan sai dajin Burma, wadda tsofaffi ke ce wa Boma. Runduna ta 81 da ta 82 su suka yi wannan tafiya. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, sai dai mutum ya ɗora harsashi da abinci a ka, jirgin sama yana jefo musu guzuri, ga ruwan sama ga zazzaɓi ga Japanawa a cikin duhuwa. A Janairun 1945 suka kama garin Myohaung. Wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit. Sunan wata runduna ce da ta yi yaƙi a bayan layin Japanawa, kuma akwai bataliyoyin Nijeriya a cikinta a 1944. Iyalansu a gida kuwa sai a taru wajen mai karatun boko ya karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita.

Mu da muka tashi a shekarun 1970 mun riski ragowarsu. Kowane gari akwai tsoho ɗaya ko biyu mai tsohuwar kwat da lambobi a ƙirji, wanda idan ya ji an buga gwangwani sai ya ƙame. Muna yara dariya muke yi musu, Allah Ya yafe mana. Su ake kira 'yan mazan jiya. Yanzu da wuya a samu ko ɗaya a raye, kuma labarinsu ya bi su kabari, don ba mu rubuta ba, ba mu ɗauka a kaset ba.

Sai yaƙin basasa, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. A nan ne waƙa da soja suka haɗu sosai, domin a lokacin rediyo ta shiga gari. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne ke haɗa bakin daga da tsakar gida. Shata ya yi wa soja waƙa, Alhaji Aƙilu Aliyu ya rubuta tasa, mawaƙa manya da ƙanana kowa ya sa baki. Anacan da Baba ya ambata ba wurin wasa ba ne: runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba a Oktoban 1967, mutane suka halaka a ruwa, ba a shiga garin ba sai Maris na 1968. Baba ya ce su kusan ashirin ke kewaye rediyo ɗaya, batir kuwa ana ririta shi kamar gishiri a shekarar yunwa. Ya ce abokinsa da ya fi kowa son waƙar nan bai dawo ba. Daga nan ya yi shiru, mu ma ba mu ƙara tambaya ba.

Yaran yanzu ba za su gane zaɓi sonka ba sai an yi musu bayani. Kati za ka saya, ka rubuta sunanka da laƙabinka da garinku, ka jera abokai goma ko ashirin da kake gaisarwa, ka faɗi waƙar da kake so a sa musu, ka aika gidan rediyo. Sai ka yi mako biyu kunnenka na jikin akwati. Ranar da aka karanta, unguwa duka ta san ka. Har ƙungiyoyi aka kafa, mutumin Gusau ya yi aminci da na Kumasi ba su taɓa ganin juna ba. Mu da fatauci ya kawo mu nan ƙasar Gbagyi, wasu tun ana aikin dam ɗin Usuma, wasu bayan gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991, da wannan muka riƙa jin ɗumin gida. Daga baya aka koma aron kaset, mai rikoda mai baki biyu ya zama sarki, a kwafa a mayar. Yau sai memori da masu turi da WhatsApp. Abin ya yi sauƙi, amma mun lura gaisuwar ta faɗi a hanya. Da, waƙar ɗan rakiya ce, sunan abokinka shi ne saƙon.

Mun san wani zai ce, Malam, kai da kake tsayawa gaban sahu idan liman ya yi tafiya, me ya haɗa ka da kalangu? Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma akwai waƙoƙin da ke yawo a wayoyin yaranmu da ba za mu yarda a kunna a bakin shagonmu ba. Amma mun ga abin da wa'azinmu na shekaru bai tono ba, waƙar minti goma ta tono shi. Wannan ba za mu ɓoye ba.

Kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Da can 11 ga Nuwamba ake yi tare da Ingila, aka mayar da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare. A cikin gari shugaban ƙasa kan ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tattabaru, a yi addu'a a Masallacin Ƙasa ranar Juma'ar da ta gabata. Daga can zuwa Ushafa ba nisa, amma ba mu taɓa ganin ƙurar bikin ta iso ƙofar ɗakin Baba ba. Ya ce ya sha zaryar neman haƙƙinsa da takardu a leda har ya gaji ya bari. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Da muka fara tambaya, mun samu wanda ya je Laberiya da ECOMOG a 1990, mun samu gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da mijinta ya rasu a Barno. Garin da duniya ta sani saboda tukwane da zuwan Bill Clinton a Agustan 2000, ga waɗanda ke cikinsa maƙwabtansu ma ba su san su ba.

Mun yi magana da liman da mai unguwa, sun amince. Juma'ar da ke gaban 15 ga Janairu, bayan an sallame, za a yi addu'a ga waɗanda suka rasu, a zagaya da faranti don marayu da masu rauni. Bayan la'asar kuma a shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai unguwa, kowane tsohon soja ya zaɓi waƙa ɗaya, ya faɗi wanda yake gaisarwa da ita, rayayye ko mamaci, samari su ɗauki muryarsa a waya. Wanda ya san wani tsohon soja ko iyalinsa, Bahaushe ne ko ba Bahaushe ba, ya kawo mana suna shago. Mai tsohon kaset a ƙasan akwati shi ma ya kawo. Rikodarmu tana nan, bel ɗinta kawai ya tsinke, kuma an ce akwai mai gyara a Dutsen Alhaji.