Yadda Malamin Dabbobi Ya Shigo Ƙasar Sandamu

Sandamu gari ne a ƙasar Daura, kudu da birni, tafiya kaɗan. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ruwan samanta ba shi da yawa, kuma ba kowace shekara yake cika alkawari ba. Saboda haka tun kaka da kakanni mutanen wurin ba su dogara ga rumbu kaɗai ba. Da wuya a shiga gida a rasa turke. Maigida yana da shanun huɗa ko jaki, uwargida tana da awaki, yara suna da kaji da tantabaru, ga kyanwa tana tsaron rumbu, ga kare a bakin garke. In gero ya ƙare kafin kaka, akuya ce ake ja zuwa kasuwa, haka kuma in haihuwa ta zo ko biki ko jinya. Watau dabba ita ce asusun talaka, wanda ya warkar da ita kuwa ya tsare wa mai gida mutuncinsa.

Kafin zuwan Turawa ba a san wani ma'aikaci mai suna malamin dabbobi ba, amma an san magani. Fulani makiyaya su ne gwanayen shanu. Sukan jiƙa ɓawon maɗaci su ɗura wa mai ciwon ciki, su ba da kanwa, su yi lalas da ƙarfe mai zafi inda ya kumbura, su ɗora karaya da kara da igiya. Har wata dabara gare su game da ciwon huhu: sai a yanki ɗan huhun wadda ta mutu, a tsaga fatar hancin mai lafiya a cusa shi, wurin ya kumbura ya warke, saniya ta sami kariya. Wannan rigakafi ne sosai, ko da yake wani lokaci kumburin yakan yi yawa ya kashe. A fada kuma Shamaki ne da yaransa ke lura da dawakin barga. Awaki da kaji kuwa sai abin da tsofaffin mata suka sani.

Akwai cuta guda wadda duk wannan sani bai yi mata komai ba, ita ce bushiya. Cikin shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a Masawa, a bakin Bahar Maliya, ashe da cutar a jikinsu. Daga nan ta bi garke garke tana yin yamma, wajen 1890 ta iso ƙasar Hausa. Wani matafiyi Bafaranshe, Monteil, wanda ya ratsa Sakkwato da Kano cikin 1891, ya ga ɓarnar da ta yi. Saniya takan fara da zazzaɓi, idanu su yi ta hawaye, baki ya yi gyambo yana dalala, sa'an nan zawo ya tsinke, kafin kwana goma ta faɗi. A wurare da yawa garke mai ɗari da ƙyar goma suka tsira. A zamanin nan ƙasar Daura a rabe take, Fulani suna riƙe da birni, zuriyar sarakunan dā suna Zango da Baure, amma annobar ba ta tambayi kowa wane sarki yake bi ba. Makiyaya suka sa wa shekarun suna Sannu, domin ba abin da mutum ke iya ce wa ɗan'uwansa sai sannu. An ce waɗansu sun zautu, waɗansu kuma suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Ba a gama farfaɗowa ba ta komo cikin 1913 da 1914, wadda aka kira Gamagari, ta sake komowa cikin 1919 da 1920.

Wannan ita ce ta sa Gwamnati ta kafa Ma'aikatar Dabbobi a Zariya cikin 1914, sa'an nan cikin 1924 aka mai da ita Vom, kusa da Jos, inda aka shiga yin maganin rigakafi. Ba tausayi kaɗai ya kawo haka ba. Jangali yana cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmalin En'e, saniyar da ta mutu kuwa ba a karɓar jangalinta. Makiyaya ma sun san da haka, shi ya sa da aka fara kiran su sansanin allura suka ɗauka dabara ce ta ƙirga shanu. Mai garken da ya ɓoye rabi a daji ranar jangali, ina zai kora su duka gaban ma'aikacin En'e?

Ga shi kuma allurar farko ba ta da daɗin sha'ani. Biyu ake yi a lokaci guda: a sa wa saniya jinin mai ciwo, a sa mata ruwan jinin wadda ta riga ta warke, don ciwon ya kama ta da sauƙi ya sake ta. Dole a tsare garke a sansani har ciwon ya wuce, kuma ba a rasa waɗanda ke mutuwa a ciki. In Bafillace ya kai shanu hamsin masu lafiya ya komo babu biyu, to, labarin biyun nan shi zai riga shi isa ruga. Daura kuma tana bakin iyaka. Wanda bai so ba, dare ɗaya ya isa ya tsallaka ƙasar Faransa wajen Damagaram, sai ƙura ta lafa ya komo.

Abin da ya juyo da su shi ne gani da ido. Duk sa'ad da cutar ta ratso, sai a ga garken da aka yi wa allura yana tsaye, na maƙwabcinsa yana kwance. Sarakuna kuma suka sa hannu. A Daura wannan aiki duk ya faɗo cikin zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 har 1966. Umurni yakan fito daga fada zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa dagatai da arɗaɗɗa, a sa rana, a kafa shinge. Turawan likitoci kaɗan ne ƙwarai a Jihar Arewa duka, saboda haka 'yan ƙasa aka koya wa riƙon allura, su ne aka kira malaman dabbobi. Daga baya aka sami maganin da aka raunana ƙarfinsa a jikin awaki, allura ɗaya ta wadatar, mutuwa a sansani ta ragu. Sai ya zamana waɗanda dā ake nema a daji su ne ke zuwa tun asuba suna jiran layi.

Malaman nan ba allura kaɗai suka kawo ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, fatu da ƙiraga suka zama babbar haja, musamman fatar jar akuya wadda Turai ke so. Sai aka sa malaman fata suna bin mahauta, suna koya musu fiɗa da wuƙa mai lanƙwasa wadda ba ta huda fata, da shanya a inuwa a kan katako maimakon a baje a rana bisa ƙasa. Aka kuma kawo wani awartaki na dandaƙa, wanda ke mai da bunsuru taure ko bijimi sa ba tare da zub da jini ba.

Cikin 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai don su yi wa bushiya taron dangi, gama an gane ƙasa ɗaya ba ta iya kashe cutar da ke tafiya da ƙafa huɗu. A lokacin wani likita Bature, Walter Plowright, ya riga ya gyara sabon magani a Kenya, wanda allura ɗaya ke tsare saniya muddin ranta. Wahalarsa ɗaya, ba ya son zafi, dole a riƙa yawo da shi cikin ƙanƙara. Aka yi shekara uku a jere ana bin kowane garke, wadda aka yi wa kuma a huda mata kunne don shaida. Cutar ta ɓace, har samari suka tashi ba su san kamanninta ba. Daga nan sakaci ya shigo. Motoci suka lalace ba a gyara ba, maruƙan da aka haifa daga baya ba a bi su da allura yadda ya kamata ba. Cikin 1983 sai ga ta ta ɓullo ta wajen Borno, ta mamaye Arewa, ta kashe shanu dubbai bisa dubbai. Ilmin yana nan, maganin yana nan, abin da aka rasa shi ne naci. Aka sake ɗaura ɗamara cikin 1986, a wannan karo Afirka gaba ɗaya. An yi mata ganin ƙarshe a Kenya cikin 2001, kuma cikin 2011 aka yi shela duniya ta rabu da bushiya. In banda agana, ba wata cuta da ɗan Adam ya taɓa kawarwa haka.

To, da babbar abokiyar gaba ta kau, sai aikin ya koma inda ya fi yawa tun asali, watau cikin gida. Bayan gyaran mulki na 1976 En'e ta ba ƙananan hukumomi wuri, malaman dabbobi suka koma ƙarƙashin sashen aikin gona. Masarautar Daura yau ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure. Likitoci kuma yanzu 'yan ƙasa ne, da yawansu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fito, waɗansu suna aikin Gwamnati, waɗansu sun buɗe shagunansu.

Abin da ake kawo musu kullum ba shi da suna a littattafan tarihi. Tunkiya ce haihuwa ta gagare ta. Ragon layya ne aka cika masa dusa da hatsi har cikinsa ya kumbura. Sa ne karkiya ta yi wa gyambo a wuya ana tsakiyar huɗa, ranar da mai shi ba ya iya rasa shi. Ga kaska, ga ƙazuwa, ga tsutsar ciki da ke tsananta da damina, ga dawakin da ake shiryawa don hawan salla. Akwai kuma wata sabuwar cuta wadda tsofaffin makiyaya ba su sani ba, ita ce leda. Akuya takan bi juji da rani tana haɗiye ta, ta cunkushe a tumbi, dabba tana ci tana ramewa, ba abin da ke fid da ita sai a tsaga ciki. Mata su ne suka fi yawan aikowa, gama awaki da kaji nasu ne, kuma sau da yawa yaro ne ke zuwa da saƙon, yana jan igiya. Kaji kuwa, da hunturu ya kama sai fakat ta share akurki. Maganin rigakafinta ɗigo ɗaya ne a ido, kuɗinsa bai kai na ƙwai ɗaya ba, amma har yanzu gidaje da yawa ba su saba da shi ba.

Akwai wani aiki da jama'a ba su cika gode wa ba, shi ne duba nama a kwata da duba dabbobi a kara. Kasuwar Mai'aduwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, shanu da raƙuma da tumaki suna shigo mata daga Nijar, cutar da ta kwana can kuwa tana iya wayan gari a turken Sandamu. Mahauci ba ya murna in aka ce a binne huhun sa don an ga tarin fuka a jiki, ko a hana fiɗe wadda ta faɗi farat ɗaya don tsoron ciwon saifa. Amma waɗannan cututtuka biyu suna kama mutum, kuma wanda zai ci naman bai san abin da aka tsare masa ba.

Sai maganar kare da kyanwa. Bahaushe bai ɗauki kare abin shiga ɗaki ba, amma mafarauci da makiyayi ba su da abokin da ya fi shi, kuma addini ya hana a bar kowace dabba da yunwa ko ƙishirwa. Kyanwa kuwa ta gida ce, tana kwana inda ta ga dama. Abin da ke haɗa su da likita shi ne haukan kare. Cutar tana cikin miyau, tana shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Kafin ta isa ana iya tare ta, in ta isa kuwa babu magani. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton wanda aka ciza da allura, Vom ma ta daɗe tana yin ta karnuka. Ƙa'idar ba ta da wuya: ɗan kwikwiyo ya sami allura in ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kyanwa ma haka. Wanda aka ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti ran nan. Yara ne suka fi shan cizo, su ne kuma suka fi ɓoyewa don tsoron faɗa. Karen da ya yi cizon, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, gara a tsare shi kwana goma a ga halinsa, maimakon a kashe shi nan take a jefar, domin ta haka ake sanin ko yana da cutar.

Wahalar da malamin dabbobi ke sha yau ta saɓa da ta magabatansa. Su sun yi fama da masu gudun allura, shi kuwa yana fama da masu son ta fiye da kima. Kowace ranar kasuwa ana baje magungunan dabbobi a rana, mai garke ya saya ya yi da kansa, ya ba da rabin awo don tsimi, sa'an nan ya tatsi nonon ya sayar ran nan. Da haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani har ya daina cin su, sai abu ya lalace a tuna da likita.

Bushiya kuma ta bar 'yar'uwa a baya, mai kama awaki da tumaki. An fara gane ta a ƙasar Kwaddibuwa cikin 1942, alamunta kuwa kusan ɗaya ne: zazzaɓi, majina, gyambon baki, zawo. Tana da allura mai kyau, kuma ƙasashen duniya sun sa shekarar 2030 don gamawa da ita. Sai dai awaki ba su taruwa a sansani kamar shanu, ba su da arɗon da zai kora su. Suna cikin gidaje, uku a nan, biyar a can, a bayan zana, a hannun matan da ba su fita. Wanda zai yi musu allura dole ya bi ƙofa ƙofa da akwatin ƙanƙararsa, ya yi sallama, ya jira a ba shi izinin shiga.